Kanwa Ta Kar Tsami: Awon Ɗigo da Tsamin Ƙasar Noma a Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsami yana da makashi. Macen da ta ɗora miyar yakuwa, ta ɗanɗana ta ji tsami ya yi yawa, ba ta zubar da miyar. Sai ta jiƙa 'yar kanwa, ko ta tsiyayo ruwan toka, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, tana juyawa tana ɗanɗanawa, har miyar ta daidaita. In kuwa hannunta ya zarce, miyar takan yi duhu, ɗanɗanon kanwa ya fito fili. Daga irin wannan aiki ne aka sami karin maganar nan da ake cewa "kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta", watau magana ta ƙare, hankali ya kwanta.

Abin da wannan mace take yi da ludayi, shi ne masana kimiyyar haɗa sinadarai suke yi da kwalabe a ɗakin gwaji. Bambancin kawai shi ne su ba sa dogara ga harshe, suna auna kowane ɗigo da suka zuba, sa'an nan su yi lissafi da shi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake gano lambar nan da ake kira pH daga irin wannan awo, da inda lissafin yake tafiya daidai, da kuma inda yake tsayawa. Maganar ta shafi malamin da yake son koyar da kimiyya da Hausa, ta kuma shafi manomin auduga da masara a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, domin kalma ɗaya ce, tsami, take ɗauke da abubuwa biyu waɗanda in aka cakuɗa su, lissafin aji da na gona duk sai su ɓaci.

Kalmomin aiki

Lokacin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa, ya zama tilas a riƙa tsayawa a kan kalmomi kafin a shiga bayani. A nan za a kira sinadarin da yake kawo tsami da sunan da ya riga ya shiga bakin mutane, watau asid. Kishiyarsa kuwa, dangin kanwa da toka da sodar da ake sabulu da ita, za a kira su makashin tsami, ko makashi a taƙaice. Turawa suna kiran wannan aji da wata kalma da suka aro daga Larabci, wadda asalinta tokar wani tsiro take nufi, to amma in aka rubuta ta da boko sai ta yi kama da sunan alƙalin kotu, saboda haka gara a bar ta. Yawan asid ko makashin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa shi ne kauri, kamar yadda ake cewa kunu ya yi kauri ko ya tsinke. Ma'aunin da ake ƙidaya ƙwayoyin sinadari da shi kuwa sunansa mol. Kamar mudu yake ga hatsi, sai dai shi ƙidaya yake yi, kuma kowane mol na kowane sinadari adadin ƙwayoyinsa ɗaya ne. Aikin kansa, na zuba makashi ɗigo-ɗigo har tsami ya mutu, shi ne awon ɗigo.

Saura kalmomi biyu, waɗanda su ne ƙashin bayan maganar. Kowane asid yana ɗauke da ƙwayoyin haidirojin waɗanda yake iya saki idan ya shiga ruwa. Waɗanda ya riga ya saki suna yawo a cikin ruwan, su ne suke cizon harshe, su ne kuma suke cin ƙarfe. Wannan shi ne kaifin tsami. Idan aka haɗa waɗanda aka saki da waɗanda har yanzu asid yake riƙe da su, an sami jimlar tsami. Misalinsu kamar hatsin da aka ɗebo a ƙwarya domin tuwon dare ne, da kuma dukan hatsin gidan, har da wanda yake cikin rumbu. Baƙon da ya ga ƙwarya bai san abin da ke rumbu ba.

Lambar pH kaifi take aunawa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, shi ya fito da ita a 1909, lokacin da yake aiki a ɗakin bincike na Carlsberg a birnin Kofanhagan. Tsarinta na goma-goma ne, kuma a juye take. Idan akwai mol 0.1 na sakakken haidirojin a lita, pH ɗin 1 ne, in 0.01 ne, 2 ke nan, in 0.001 ne, 3, haka har zuwa sama. Watau duk sa'ad da lambar ta ragu da ɗaya, kaifi ya ninka sau goma. Tsarkakakken ruwa yana kan 7, ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3, ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki kuwa yakan kai wajen 10.

Yadda ake awon

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai doguwar kwalba siririya mai zanen ma'auni a jiki da famfo a gindi, wadda ake kira buret; Bafaranshen nan Gay-Lussac ya yi aiki da wani nau'inta tun 1824, sa'an nan Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya gyara ta zuwa kusan yadda aka san ta yanzu. A cikinta ake zuba makashin da aka san kaurinsa, galibi sodiyam haidiroksaid, watau sodar sabulu tatacciya. A ƙarƙashinta ake ajiye kwalba mai faɗin gindi da ƙaramin baki, a zuba mata asid ɗin da ake bincike, gwargwadon da aka auna daidai. Sa'an nan a ɗiga manuni, watau wani rini mai sauya launi idan tsami ya mutu. A buɗe famfo, a riƙa kaɗa kwalbar, da farko a sake shi ya zuba, in an kusa sai ɗigo ɗaya-ɗaya, har launi ya juya ya tsaya. A karanta abin da ya ragu a buret. Akan maimaita aikin sau uku, a ɗauki matsakaicin waɗanda suka yi kusa da juna.

Ita kanwar kasuwa ba ta shiga buret, ko da yake makashi ce ta gaske. Dalili shi ne ba a san kaurinta ba: jar kanwa dabam, farar kanwa dabam, ungurnu da ake kawowa daga wajen Borno dabam, kuma kowace tana haɗe da gishiri da yashi gwargwadon inda aka haƙo ta. A nan kam ba duk kanwar ce ja ba. Amma tataccen sinadarin da ke cikinta, sodiyam kabonet, yana daga cikin abubuwan da ɗalibai suka fi haɗuwa da su a jarrabawar gwaji ta Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma.

Manuni ma yana da ɗan'uwa a gida. Ruwan zoɓo ja ne muddin yana da tsami, amma in aka zuba masa ruwan kanwa sai ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi, in an ƙara ya ɗauki kore. Irin wannan sauyi ne Robert Boyle ya bayyana a Ingila a 1664 da ruwan wata fure. Malamin ƙauyen da ba shi da kayan gwaji yana iya nuna wa yara ma'anar manuni da zoɓo da lemon tsami da kanwa, kuma za su gane fiye da yadda za su gane daga allo. Sai dai zoɓo shi kansa yana da tsami, kuma sauyinsa a hankali yake zuwa, don haka bai dace da awon da ake son lamba daga gare shi ba. A ɗakin gwaji an fi amfani da finolftalin, wanda ba shi da launi a cikin tsami amma yakan koma ruwan hoda daga pH 8.2, da kuma metil orenj, mai juyawa daga ja zuwa rawaya tsakanin 3.1 da 4.4.

Daga ɗigo zuwa pH

A ɗauka an auna mililita 25.0 na asid ɗin haidirokilorik wanda ba a san kaurinsa ba, aka ɗiga masa sodiyam haidiroksaid mai kaurin mol 0.100 a lita, launi ya juya bayan an zuba mililita 20.0. Matakin farko shi ne a san mol nawa na makashi aka kashe:

0.100 × 0.0200 = mol 0.00200

Kowace ƙwayar wannan makashi tana ɗauke ƙwayar haidirojin ɗaya, su haɗu su zama ruwa. Saboda haka haidirojin da ke cikin kwalbar shi ma mol 0.00200 ne. Da yake a cikin lita 0.0250 yake, kaurinsa shi ne:

0.00200 ÷ 0.0250 = mol 0.080 a lita

Haidirokilorik yana cikin asid ɗin da ake kira ƙarfafa, watau waɗanda suke sakin dukan haidirojin ɗinsu da zarar sun shiga ruwa. Ba shi da rumbu, duk hatsinsa a ƙwarya yake. Don haka jimla da kaifi sun zama abu ɗaya, sai a wuce kai tsaye:

pH = −log (0.080) = 1.10

Ɗalibi yana iya tabbatar da amsar ko ba shi da na'urar lissafi: 0.080 ya ɗan gaza 0.1, tilas amsar ta ɗan haura 1.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, ruwan da ake raba mol da shi, shi ne mililita 25.0 na asali, ba 45.0 da ya taru a kwalbar bayan an gama ba, gama tambayar a kan asid ɗin take kafin a taɓa shi. Na biyu, wasu asid ɗin suna da haidirojin fiye da ɗaya a kowace ƙwaya. Asid ɗin ruwan batir, watau salfiyurik, biyu gare shi. Na tsamiya, wanda ake kira tatarik, shi ma biyu. Na lemon tsami uku. Da ruwan batir ne ya ci mililita 20.0 ɗin nan, da kaurinsa mol 0.040 ne. Littattafan makaranta sukan ɗauka ya saki duka biyun, su ba da 1.10, alhali haidirojin na biyu ba ya fita gaba ɗaya a irin wannan kauri, kuma lissafi na sosai yana ba da wajen 1.3. Don cin jarrabawa amsar farko ta wadatar, amma ya kamata malami ya san cewa sauƙaƙawa ce.

Ruwa uku, awo ɗaya

Yanzu a sake aikin da asid ɗin da yake sa nono tsami, wanda ake kira laktik. A narka shi a ruwa, a auna mililita 25.0, a ce shi ma ya ci mililita 20.0 na makashin. Lissafin farko bai sake ba, kaurinsa mol 0.080 ne a lita. To amma wanda ya ce pH ɗinsa 1.10 ne ya yi kuskure babba. Laktik rarraunan asid ne, a irin wannan kauri abin da yake saki bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, sauran yana riƙe da shi. Abin da ya sa ya ci makashi daidai da haidirokilorik shi ne, duk lokacin da makashi ya ɗauke abin da ke ƙwarya, sai asid ya sake ɗebowa daga rumbu, haka har rumbu ya ƙare. Awon ɗigo, ke nan, jimla yake ƙidayawa.

Abin lura kuma shi ne kalmomin "ƙarfi" da "rauni" a nan ba su da alaƙa da kauri. Ana samun ƙaƙƙarfan asid tsinkakke, ana samun rarrauna mai kauri. A Hausar yau da kullum, in an ce abu ya yi ƙarfi, mai ji yakan ɗauka ya yi kauri ne, kuma daga nan ɗalibai da dama suke fara ɓacewa.

Kafin a sami pH na rarraunan asid, sai an san wata lamba ta biyu mai nuna irin sakin hannunsa, wadda ake rubutawa Ka. Ana iya duba ta a littafi, amma shi awon ɗigon ma yana bayar da ita, in an tsoma na'urar auna pH a cikin kwalbar ana karantawa bayan kowane zubi. Irin wannan na'ura Arnold Beckman ya ƙera ta a Amurka a 1934, domin masu auna tsamin ruwan lemo a Kalifoniya. Dabarar ita ce a duba abin da na'urar ta nuna a daidai rabin hanya, watau a mililita 10.0, inda rabin asid ya mutu, rabi yana nan. A wannan wuri pH yana daidai da −log na Ka, bisa ƙa'idar da aka sani da sunan Henderson da Hasselbalch. Ga laktik, na'urar za ta nuna wajen 3.86, wanda yake nufin Ka ɗinsa 0.000138 ne. Daga nan sai a ninka Ka da kauri, a ɗauki tushen murabba'i:

√(0.000138 × 0.080) ≈ 0.0033

pH ɗin wannan kuwa wajen 2.5 ne. Sakakken haidirojinsa bai kai na haidirokilorik ba da kusan sau 25, ko da yake buret ta ba su lamba ɗaya.

Zaɓen manuni ma ya danganta da wannan. Ƙaƙƙarfan asid yana mutuwa a pH 7, kuma ɗigo ɗaya ko biyu a ƙarshe sukan tsallakar da lambar daga wajen 4 zuwa wajen 10, don haka kowane daga manunan nan biyu zai yi. Laktik kuwa yana mutuwa a wajen 8.2, daidai inda finolftalin yake juyawa. Wanda ya sa masa metil orenj zai ga launi ya fara sauyawa tun kafin rabin hanya, ya gama juyawa da sauran asid a raye.

Ruwa na uku shi ne kindirmo na gaske, irin wanda ake tallansa a kasuwannin Bakori da Ɗandume. Mol 0.080 na laktik a lita daidai yake da giram 7.2, kuma irin wannan adadi ne akan samu a kindirmon da ya kama sosai. Amma in an tsoma na'ura a cikinsa, lambar da take nunawa takan kasance tsakanin 4 da 4.5. Dalili shi ne madara tana da furotin da gishirin fosfet waɗanda suke kama haidirojin su riƙe, su ma sun zama wani rumbun. Ga ruwa uku, awon ɗigonsu ɗaya, pH ɗinsu 1.1 da 2.5 da sama da 4. A na farko lissafi kai tsaye ne, a na biyu sai da Ka, a na uku kuwa babu lissafin da zai fitar da pH daga buret, sai dai a auna shi da na'ura. Ƙasar noma tana cikin wannan aji na uku.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Katsina ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa. Dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi, da gonar iri ta Daudawa, duk saboda ita aka kafa su. Damina a nan takan ba da ruwa wajen milimita 1,000 a shekara. Ƙasar tudu ta wannan yanki, kamar yadda M. J. Jones da A. Wild suka bayyana irinta a littafinsu na 1975 a kan ƙasashen noma na dajin Afirka ta Yamma, ba ta da yawan ruɓaɓɓen ganye, kuma yumɓun da ke cikinta irin wanda ba ya riƙe sinadarai da yawa ne. A halittarta tsaminta kaɗan ne, galibi tsakanin pH 5.5 da 6.5. Abubuwan da suka riƙa tsare ta a da su ne hutun da ake ba gona, da takin gida, da kwanan shanun Fulani bayan kaka, da tokar kara, har da ƙurar hunturu, wadda bincike ya nuna tana sauke wa ƙasa ɗan kalsiyam da fotasiyam kowace shekara.

Sauyi babba ya zo da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka gudanar daga 1975 zuwa 1980 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, waɗanda a lokacin ba a kai ga cire su zuwa Jihar Katsina ba, sai a 1987. An yi hanyoyin karkara, an buɗe cibiyoyin sayar da kayan noma, gwamnati kuma ta ɗauke kaso mafi yawa na kuɗin takin zamani. Masara, wadda a da ta bayan gida ce da ake gasawa, ta zama amfanin gona na kasuwa. Masara kuwa ba ta yi sai da taki mai naitirojin, shekara bayan shekara, a gona ɗaya.

Wannan taki shi ne mafarin tsamin. Naitirojin ɗin da ke cikin amoniyam salfet da yuriya da kamfa, yawancinsa a siffar amoniyam yake, ko kuwa yakan koma ita a cikin ƙasa. Ƙwayoyin halitta na ƙasa suna juya amoniyam zuwa naitiret, kuma kowace ƙwaya ɗaya da suka juya tana sakin haidirojin biyu. Naitiret ɗin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama yakan wanke shi zuwa ƙasa can, ya tafi da kalsiyam da magniziyam, ya bar haidirojin a gurbinsu. Bisa ƙiyasin da masana taki suke aiki da shi, kilo 100 na amoniyam salfet yana bukatar wajen kilo 110 na kalsiyam kabonet kafin a kashe tsamin da zai haifar, kilo 100 na yuriya kuwa wajen kilo 80. Da yake yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, amoniyam salfet kuwa kashi 21, tsamin da salfet yake bari a kan kowane kilo na naitirojin ya ninka na yuriya kusan sau uku.

Ba a nesa aka tabbatar da wannan ba. A Samaru, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, an fara wani gwaji a 1950 wanda aka sani da DNPK, inda aka yanka fili kashi 81, ana ba kowane kashi haɗinsa na kashin shanu da takin naitirojin da na fosfet da na fotash, shekara da shekaru. Rahoton da Bache da Heathcote suka buga a 1969, da waɗanda suka biyo baya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, sun nuna cewa filayen da aka daɗe ana ba su amoniyam salfet ba tare da takin gida ba sun yi tsami, waɗanda ake sa wa kashin shanu kuwa sun fi riƙe halinsu. An ga irin haka a Rothamsted ta Ingila, a filin ciyawar da ake gwaji a kansa tun 1856, inda pH na wasu sassan ya faɗo ƙasa da 4.

Illar takan fara bayyana idan pH ya sauko ƙasa da 5.5. A nan ne alminiyam, wanda yake kwance a jikin yumɓu ba ya cutar da kome, yake fara narkewa. Yana hana saiwa tsawo, sai shuka ta kasa bin danshi idan ruwa ya ɗauke na kwanaki. Yana kuma ɗaure fosfet, ya zamana manomi ya zuba sufa amma shuka ba ta samu ba. Auduga ba ta jure wannan, gyaɗa da waken suya ma ƙululun da ke saiwarsu ba sa aiki sosai. Manomi yakan ce gona ta gaji, ko taki ya ƙone ta, ya ƙara buhu a kan na bara. Lalle ba kowace gajiya ce tsami ba. Ƙarewar ruɓaɓɓen ganye da wuta-wuta da zaizaya suna da nasu kason, kuma gonaki da yawa a yankin ba su kai matakin haɗari ba. Awo ne kaɗai yake rarrabewa.

To, wane awo? Idan aka kai ƙasa ɗakin gwaji, akan dama ta da ruwa a tsoma na'ura a karanta pH. Wannan yana faɗin ko akwai matsala. Amma bai faɗi yawan maganin da za a sa ba, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ɗauki hekta ɗaya, zurfin da garma take kaiwa, wajen santimita 15. Nauyin ƙasar ya kai kilo miliyan 2. In tana da danshi kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikinta lita 400,000 ne. A pH 5, sakakken haidirojin da ke cikin wannan ruwa duka mol 4 ne kacal, kuma giram 200 na kalsiyam kabonet ya isa ya kashe shi. Wanda ya watsa giram 200 a hekta ya dawo ya auna, zai tarar lambar ba ta motsa ba, domin yumɓu ya sake ɗebo wani daga rumbu.

Rumbun ake aunawa da ɗigo. Akan ɗauki giram 10 na busasshiyar ƙasa, a girgiza ta da ruwan fotasiyam kilorayid mai kaurin mol 1 a lita, wanda yake ture haidirojin da alminiyam daga jikin yumɓu zuwa cikin ruwa. A tace, a sa finolftalin, a ɗiga sodiyam haidiroksaid mai kaurin mol 0.01. Alal misali, a ce ruwan da aka tace duka ya ci mililita 5.0. Mol 0.00005 ke nan a giram 10, watau mol 0.005 a kilo, ko mol 10,000 a hekta. Kowane mol na kalsiyam kabonet nauyinsa giram 100 ne, kuma yana kashe mol biyu na tsami, saboda haka ana bukatar kilo 500. Masanin ƙasa E. J. Kamprath ya ba da shawara a 1970 cewa a ninka irin wannan adadi da ɗaya da rabi, domin akwai tsamin da ruwan gishirin bai fitar ba. An tashi da kilo 750, buhu 15 masu kilo 50, a gonar da lissafin pH kaɗai ya ce giram 200 ya ishe ta.

Daga nan ne ake gane abin da ya sa gonaki biyu masu pH ɗaya ba sa cin magani ɗaya. Jigawa ƙaramin rumbu gare ta, tana saurin yin tsami, tana kuma saurin warkewa da ɗan kaɗan. Laka tana daɗewa ba ta yi ba, in ta yi kuwa sai an kashe mata da yawa. Wanda ya ba jigawa rabon laka ya zarce, kamar mai miyar da hannunta ya wuce, kuma sakamakonsa shi ne zinki da wasu ƙananan sinadarai su ɗaure, ganyen masara ya yi fari-fari.

Wace farar ƙasa?

Saura sunan maganin, kuma a nan akwai aiki a gaban masu fassara takardun malaman gona. Kalsiyam kabonet garin dutse ne, irin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Masu fassara sukan kira shi farar ƙasa. To amma a bakin mutanen kudancin Katsina, farar ƙasa tana iya nufin farin yumɓun da ake haƙowa a Ƙanƙara, wanda masana suke kira kawolin. Wannan yumɓu ɗan'uwan wanda yake cikin gonar ne tun asali, ba makashi ba ne, ko an zuba tan goma ba zai kashe tsami ba. Zai fi kyau takardar da za a raba wa manoma ta ce garin dutsen siminti, ko farar ƙasa mai kashe tsami, ta kuma koya musu gwajin da kowa zai iya: a matsa lemon tsami a kan garin, in na gaske ne zai yi kumfa, kamar yadda kanwa take yi in ta haɗu da ruwan tsamiya, in kawolin ne zai jiƙe kawai.

Kanwa kanta ba ta shiga gona, duk da karin maganar. Za ta kashe tsamin, amma sodiyam ɗin da ke cikinta yana wargaza yumɓu, ƙasa ta daskare, ruwa ya kasa ratsa ta. Tokar itace da ta kara ba su da wannan aibi, domin kalsiyam da fotasiyam ne suka fi yawa a cikinsu, sai dai ƙarfinsu yana bambanta gwargwadon abin da aka ƙona da kuma ko ruwan sama ya riga ya doke su. Mai son sanin buhu nawa na toka zai tsaya a madadin buhu ɗaya na garin dutse, sai ya juya aikin: ya narka tokar a cikin asid ɗin da ya san kaurinsa da yawansa, sa'an nan ya ɗiga makashi ya ga nawa ne ya rage bai mutu ba.